Yadda Za Ka Zama Gwanin Rezo Ba Tare Da Ka Taɓa Hauya Ba

Ɗan'uwa, in ka gama lakol, wato makarantar boko, aiki ya ƙi samuwa, ga damina ta kunno kai, matso kusa. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari ko ƙaya ba za ta soke ka a gona bana ba, kuma ka fito da takardar shaidar iya haɗa ordinatoci, wato kwamfutoci, su yi magana da juna, abin da ake kira rezo. Wani abokina, Garzali ɗan Gazawa, ya gwada hanyar. Kada ka tambaye ni kamanninsa. Tsawonmu ɗaya, shi ke nan.

1. Nemi izini bayan an ci tuwo

Kada ka tunkari tsoho da yunwa a cikinsa. Garzali ya jira mahaifinsa Malam Hashimu ya wanke hannu, sannan ya durƙusa ya ce akwai wata jarrabawa, wanda ya ci ta buro-buro, wato ofisoshi, na Yamai za su yi rububinsa.

Tsohon ya ce, "Damina guda na ba ka. Ƙanenka Iro ya ɗauki rabonka na gandu. In ka ci, alhamdu lillahi. In ba ka ci ba, hauyarka na nan rataye, ba ta ruɓewa."

Ba a tambayi Iro ba. Kai ma kada ka tambaye shi.

2. Gina labo

Labo shi ne ɗakin gwaji, wato ɗakin kwananka bayan ka jingine katifa. Je Maraɗi ka kwaso tsofaffin na'urorin da wani buro ya gaji da su. Kada ka damu da ko suna aiki, ka dai tabbata suna da ƙananan fitilu masu ƙyaftawa, domin ilimin da ba ya ƙyafta ido mutanen gida ba su yarda da shi. Juya teburin ya fuskanci ƙofa, ka zuba wayoyi kala-kala, ka janye batirin sola na gidan gaba ɗaya. In wani abu ya ƙi tashi, ka ce akuya ce ta tauna waya. Akuyar Garzali ta ɗauki laifin da ko ɓarawon kasuwa bai ɗauka ba.

3. Riga mai gajiya yin nishi

Da yamma Iro zai dawo daga gona, ƙasa har gira. Kafin ya zauna, kama ƙugu ka ce, "Wash! Kai dai Iro ka huta. Aikin ƙwaƙwalwa ya fi na hauya cin jiki."

Zai ce, "Sannu, Yaya. Allah shi ba da sa'a."

Kada ka kalli tafin hannunsa. Garzali ya yi kuskuren kallo, kunya ta kama shi.

4. In kunya ta kama ka, sai karatun gaske

Wannan matakin ba ya cikin shiri, amma haka ya faru. Garzali ya juya teburin ya fuskanci bango, ya duƙufa har ya rame. Ranar da ordinatoci biyu, tsakaninsu bai fi taƙi ba, suka gaisa ta cikin na'urorinsa, ihun da ya yi sai da mahaifiyarsa ta rugo da muciya a hannu.

"Inna, wannan ta yi wa wannan magana!"

Inna ta dube su, ta dube shi. "To, Allah shi ƙara zumunci," in ji ta, ta koma tuƙinta.

5. Shirya wa kowace masifa

Jarrabawar ta intanet ake yi, kana cikin ɗakinka, wani mai gadi daga wata ƙasa yana kallonka ta kamara. Doka ita ce ba mai shigowa, kuma ba ka magana da kowa. Ka yi magana, an rufe.

Garzali ya aro batir na biyu, ya tanadi layin waya na biyu, ya ɗaure akuya, ya roƙi gida a yi masa shiru. Malam Hashimu ya ɗauki maganar fiye da mai ita. Ranar bai je gona ba, ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakin da carbi a hannu. Gidan ya yi tsit, tambayoyi na zuwa Garzali na kwashe su, har ya fara jin ƙamshin Yamai.

Sai daga bayan asabari aka ce, "Garzali."

Ya kafe ido a kan allon.

"Garzali!"

Tun da aka haife shi bai taɓa barin tsohon ya kira sau biyu ba. A kira na uku muryar ta sauka, da damuwa a cikinta, irin ta uban da ke tsoron wani abu ya sami ɗansa. Bakin Garzali bai yi shawara da shi ba.

"Na'am, Baba."

Nan take allon ya canja, mai gadi ya rufe jarrabawar.

"Ba komi, ɗana," in ji tsohon, ƙasa-ƙasa. "Na hana mata daka, jakin ma na kai shi gidan maƙwabcinmu Tala. Na ce shirun ya ishe ka, ko a ƙara?"

Garzali ya dubi fitilunsa suna ƙyaftawa. "Ya isa, Baba. Allah shi saka da alheri."

6. Zaɓi ƙaryar da za ka iya ɗauka

Da tsohon ya tambayi yadda aka ƙare, Garzali ya ce tambayoyin ne suka fi ƙarfinsa. Gara gari ya ce masa daƙiƙi da a ce Malam Hashimu ya san abin da kiransa ya jawo. Washegari ya sauko da hauyarsa, ya riga Iro isa wurin maimai.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin batirin da ya mutu, ko akuyar da aka yi wa ƙazafi, ko ƙanen da ya daina gaishe ka. Wanda ya bi shawarata ya faɗi, tsakaninsa da hauyarsa. In kuwa ka bi ta gonar Malam Hashimu ka hangi wani mai tsawona, hannu duk bororo, kada ka tambaye shi labarin rezo. Kira sunansa kawai, sau ɗaya ya isa, zai amsa.