Ranar da Zaki Ya Rungumi Maƙwabcinsa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauko kifi ya koya wa dattawa zaman lafiya ba. I, kifi. A Gure, garin da in ka ce "teku" sai wani ya ɗauka sunan unguwa ce a Damagaram.

Mijin yayata, Alhaji Kiyari, ya yi shekaru yana aikin fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, sai ya gina ƙaramin otel mai ɗakin taro. Wasu da mota suke dawowa daga Kwatano. Shi da kifayen teku ya dawo, da buhunan wani gishiri na musamman da ake dama musu ruwa da shi, da fanno na hasken rana don kada injin ruwansu ya tsaya in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Akwatunan gilashi biyu ne a ɗakin taron. Babban na wani kifi ne shi kaɗai, mai zanen ja da fari, fikafikansa a baje kamar mafici, gadon bayansa duk ƙaya mai dafi. Kifin zaki ake ce masa, mu dai Zaki muke kiransa. Ƙaramin akwatin kuma na wasu ƴan kifaye biyu ne ruwan lemo, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, waɗanda Yaya Falmata take so kamar ita ta haife su.

A lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai sasanta manoma da makiyaya. An aika ni horo Yamai, na dawo da jaka mai tambari da manyan kalmomi cike da baki, ina jin ba rigimar da za ta gagare ni a duniya. (Ban taɓa sasanta ko kaji biyu ba, amma wannan ƙaramar magana ce.)

Sai ga aiki na gaske. A wani ƙauye wajen Bune, manoma sun shiga burtali da shukar gero, shanu sun shiga geron da baki, an kai ga sanda, har an fasa wa wani matashi kai. Girbi na matsowa, kowa ya san in ba a zauna ba, na gaba ba sanda za a ɗauka ba. Aka sa taro a ɗakin Alhaji, aka ce ni zan buɗe.

A horon an ce mana kada mu fara da dogon jawabi, mu fara da misali mai rai. Ina zaune ina kallon akwatunan nan biyu sai basira ta sauko mini. Babba mai ƙarfi, ƙanana marasa ƙarfi, ruwa ɗaya! Alhaji ya tafi Damagaram duba idonsa. Ina da lambarsa, amma me mai jaka da tambari zai tambayi wanda bai je horo ba?

Da safe Yaya ta ba Zaki jatan landensa daga firigo. Yana gamawa na kwaso ƙananan a kofi na juye masa.

"Kai! Alhaji ya sani?"

"Yaya, wannan aikin ilimi ne. Kaɗaici ke damun kifin nan."

"Kifin ne ya faɗa maka?"

Zaki ya dubi baƙinsa sau ɗaya, ya koma gindin dutse ya kwanta. Na ce, "Kin gani?" Ban yi tunanin ƙoshi ba. Ni tarbiyya na gani. Na rufe akwatin da zanen Yaya, don a yi buɗewa irin ta manya.

Bayan azahar ɗaki ya cika. Maigari da manomansa a dama, Ardo da makiyayansa a hagu, ba mai kallon wani. Matashin da aka fasa wa kai yana can da bandejinsa. Shugabata a wurin aiki tana gaba, ta ɗaga wayar salula tana ɗaukar bidiyo, don na yi mata alkawarin za ta ga abin da za a riƙa nunawa a horo.

Na gyara babbar riga, na fizge zanen.

An yi "Masha Allah" daga ɓangarorin biyu, abin da ya ƙara kumbura ni. Na ce, "Iyayena, ku dubi wannan babba. Allah ya ba shi girma, ya ba shi ƙaya. Ku dubi ƙananan nan. Ruwa ɗaya suke sha, fili ɗaya suke yawo. Kun ga an kira jandarma?"

Ƙananan suka fito daga bayan dutse. Zaki ya taso a hankali, cikin nutsuwa, ya baza fikafikansa ya nufi ɗaya, yana matsa shi zuwa kusurwar gilashi. (Daga baya na ji cewa haka yake farauta. Daga baya.)

Na ɗaga murya. "Allahu Akbar! Ku duba da kyau! Ya buɗe hannuwa zai rungumi maƙwabcinsa!"

Ya rungume shi kuwa. Baki ya buɗe, baki ya rufe. Ban ma ga shigarsa ba. Ɗan ɓawo ɗaya ya sauko ƙasa yana juyawa, Zaki ya yi wata hamma, ya juya yana neman na biyun.

Hannuna yana nan a miƙe yana nuna inda zaman lafiya yake ɗazu. Shugabata ba ta sauke salular ba, Allah ya saka mata.

Ardo ya yi gyaran murya, ya kira ni da "Mushe", yadda ake kiran ɗan boko a wajenmu, aro daga Faransanci. "Mushe, ban da ilimi, a yi mini haƙuri. Cikinsu wanne ne mu?"

Maigari ya ce, "Ai a fili take, Ardo. Mu ne wanda aka haɗiye."

"A'a, Maigari. Mu ne. Ku ne mai zanen nan, kullum kuna baza hannu kuna ƙara fili."

"Mai ƙaya dai, wa ke yawo da sanda?"

Ban ji ƙarshen musun ba, don Yaya Falmata ta shigo da gudu tana salati, ta cusa mini rariyar tace taliya. "Fito mini da ɗayan, ko in tura kanka ciki!" Haka ƙwararren mai sasantawa ya tattare hannun riga yana bin kifi da rariya, yana tsalle baya duk lokacin da ƙayar Zaki ta matso. Manoma na cewa, "Dama, Mushe!" Makiyaya na cewa, "Hagu!" Da ƙyar na kamo shi, na jiƙe har wando. Aka tafa mini. Mai bandeji ya yi dariya har ya riƙe kansa don zafi.

Shugabata ta ce, a hankali, in je in sha iska. Ina zaune a waje ina bushewa suka yi zamansu har la'asar sakaliya, suka amince za a fita tare a sake kafa turakun burtali kafin girbi. A rahoton taron an gode wa kowa, har da mai kawo shayi. Ni an rubuta na halarta.

Alhaji ya kira da yamma, Yaya ta riga ta kai masa labari da ƙari. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo.

"Ƙanena, ka ɗauka mugunta ce ta sa na bar shi shi kaɗai? Na daɗe ina nema masa abokin zama. Sai wanda ya fi ƙarfin bakinsa, kuma ba mai cizon fikafikai ba, ba mai hadamar da zai riga shi abinci ba. Duk abin da zai shiga bakinsa, a wurinsa tuwo ne."

Na ce, "Da safe fa ko kallonsu bai yi ba."

"Kai ma in ka ƙoshi mutumin kirki ne."

Har yau in na shiga kasuwar dabbobi sai wani ya baza hannuwa ya nufo ni yana cewa, "Mushe, zo in rungume ka." Ina nan ina aikin sasantawa, ba a kore ni ba. Amma yanzu kafin in haɗa kowa da kowa wuri ɗaya, ba na fara duba kyawun fuska. Girman baki nake aunawa, sannan in tambaya ko ya ci abinci.