Bokitan Falalu Ƙa'ida

"Daga Kazaure har Babura, ba ɗan kwangilar da zai ƙara canza wa gwamnati kaya ina raye," in ji Falalu, jami'in sayen kaya na ƙaramar hukuma. Ya taɓa zuwa wani ɗan kwas a Kaduna lokacin da arzikin fetur ke tashe, ya dawo da birori reras a aljihu, wuya a sandare kamar an sa masa sitaci. Nan da nan aka laƙaba masa Falalu Ƙa'ida.

Sai ga kwangilar bokitan ban-ruwan dashen itatuwa. Sakatare ya ce in aikin ya yi kyau, ƙarin girma zuwa Kano nasa ne. Ai kuwa gogan naka har ya fara cigiyar gidan haya a Fagge.

Ya tara maƙeran Roni da Gwiwa da Babura, ya ɗaga bokiti guda. "Ga samfur. Tsayi, faɗi, mariƙi, komai kamarsa. Wanda ya sauya wani abu ba da izinin jami'in saye ba, ya kwashe tarkacensa."

Don kada a musanya masa samfurin, sai sarkin dabara ya sa ƙusa da guduma ya huda gindinsa, wai hatimi ke nan.

Halliru, dattijon maƙeran, ya leƙa ta hujin ya hango rana. "Ranka ya daɗe, har wannan ɗin ma…"

"Malam Halliru, komai na ce. Yawan tambaya shi ne mafarin ha'inci."

Ranar karɓar kaya aka jera bokitai suna sheƙi, aka cika su da ruwa. Falalu ya gyara hula ya shiga jawabi da Turanci. Bai gama gaisuwa ba ruwa ya kewaye kujerun manya, Sakatare ya tattare babbar riga yana ɗage ƙafafu.

"Falalu, ka yi gaskiya," in ji shi. "Ko wajen yoyo ba wanda ya saɓa wa ɗan'uwansa. Ajiye mabuɗin ofis, gobe ka koma gadin sito."

Kano ta bi ruwa. Falalu ya ja Halliru gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, don Allah ku liƙe su kafin la'asar, ko ya huce."

"Liƙi ai canji ne, ɗana," in ji Halliru. "Bari mu jira a naɗa jami'in saye."