Ranar da Na Yi wa Kakata Tafinta

Akwai abin da ko na tsufa na zubar da haƙora ba zan taɓa mantawa ba, wato ranar da na yi wa kakata tafinta.

Muna aji uku a ƙaramar sakandare a Yelwa wata mai bincike ta zo daga jami'a, Malama Hajara. Ta baje mana taswira mai ɗigo-ɗigo kala-kala, ta ce tana nazarin yadda ƙabilu suke zaune unguwa-unguwa tun da ruwan Kainji ya tashi mutane: ina Gungawa suka koma, ina Kambari, su wa suka cakuɗa, su wa kuma jikokinsu suka rikiɗe suka zama Hausawa. Sai ta tambaya ko akwai wanda yake jin Gunganci a cikinmu.

Aji ya yi tsit. Ni kuwa shiru ba ya zama da ni lafiya. Na ɗaga hannu har ina miƙewa, na ce, "Malama, ni har mafarki da shi nake yi." (Gaskiyar magana, abu uku na sani: gaisuwa, "zo ka ci abinci", da wani zagi da Kaka take yi wa akuya.) Aka tafa mini. Kwana biyu ina tafiya a makaranta kamar ni na haƙa tafkin Kainji.

Ranar Asabar sai ga Malama a ƙofar gidanmu da 'yar na'urar ɗaukar murya. Abokina Bashar ya biyo ta da rabin ajinmu, wai sun zo kallon gwani. Inna ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaro, ta kawo soyayyen kifi, ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nema, yaushe ka koya?" Na yi kamar ban ji ba.

Kaka ta fito tana dogara sandarta. A gungu aka haife ta, tsakiyar kogi, tana budurwa aka kwaso su a jirgi. Malama ta ce in roƙe ta ta ba da labarin tashinsu da harshenta. Na raɗa mata da Hausa, ta harare ni, ta gyara zama ta fara.

Jama'a, ashe ban taɓa jin Kaka ta yi magana ba sai ranar. Harshen ya dinga zubowa kamar an buɗe madatsa. Ta numfasa, Malama ta ce, "Me ta ce?"

Na yi gyaran murya. "Ta ce a da can suna noman albasa." (Wane Bagunge ne bai noma albasa ba? Nan na tsira.)

Kaka ta ci gaba, tana lissafi da yatsu, tana nuna kudu, tana nuna arewa. Na ce, "Ta ce albasar manya-manya ce, guda ɗaya sai mutum biyu sun ɗauka." Bashar ya ce, "Kai!" Na ƙara samun ƙarfi. Na sa Kaka ta yi kokawa da kada, na sa ta roƙi gwamnati taki.

Can sai muryarta ta karye, hawaye suka gangaro. Na so in tsaya, amma baki ya riga ya saba. Na ce, "Ta tuna yajin albasar ne."

Malama Hajara ta ajiye biro. Ta matsa kusa da Kaka, ta kama hannunta, ta yi mata magana da Gunganci tiryan-tiryan, babu ko tuntuɓe. Ashe ita ma jikar gungu ce. Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ce ba ruwanta.

Malama ta juyo ta gaya mana abin da Kaka ta faɗa. Gidajen gungunsu ta lissafa ɗaya bayan ɗaya, da inda kowa ya nufa, wasu Shanga, wasu Warra. Da ƙawarta da aka sa a wani jirgin daban, ba su sake haɗuwa ba. Kukan kuma na kabarin mahaifiyarta ne, da yake ƙarƙashin ruwa. Sannan Malama ta ce da gangan ta bar ni, don abin da jikoki suke ji ma yana cikin binciken.

Kaka ta share ido ta nuna ni da sanda. "Wanga? Yarinya, ki rubuta Bahaushe ne. Albasa kawai ya gada."

Har Inna sai da ta riƙe ciki don dariya. Ranar Litinin kafin in isa aji an raɗa mini suna Sarkin Albasa, kuma har yau bai sake ni ba.

Kaka ta rasu daminar bara. Malama ta turo wa Inna muryar a waya, nakan saurara in gida ya yi shiru. Ga Kaka tana kiran sunayen mutanenta, ga wani sakarai yana katse ta da zancen taki. Yanzu na fara gane kalma ɗaya-ɗaya, da na tsaya koya tun tana nan da na gane duka. Abin da na ɗauka dai shi ne, in tsohuwa tana kuka ba ka san dalili ba, rufe bakinka ma tafinta ne.