Azumin Laraba a Gidan Onarabul

"Lafiya lau, bawana. Ya zafi? Ya kuma baƙin ciki?"

"Baƙin ciki da godiya, baiwar gidanmu. Wa ya kwance ki daga murhu da tsakar ranar nan?"

Larai ta dire tiren da ke kanta a kan bencin bakin ƙofa, ta buɗe kwano. Shinkafa da wake ce, da mai da yaji, ga yankan kifi a sama yana ƙyalli. Sannan ta ja gefe, ta riƙe ƙugu, ta zuba wa Tanko ido.

Shekara tara ke nan tana girki a gidan Onarabul Alhaji Aƙilu da ke Nassarawa GRA, Tanko kuma yana gadin ƙofa. Ita Bakatsiniya, shi Bahaɗeje, don haka tun ranar da suka fara haɗuwa kowa ke cewa kakansa ne ya sayi kakan ɗan'uwansa, har yau ba a sasanta ba.

Ranar Laraba ce, kwana huɗu da zaɓen da aka yi ran Asabar. An yi wa gwamnati kaye irin wanda ko kotu sai ta ji kunyar saurare, kuma guguwar ta haɗa da kujerar Onarabul ta majalisa. Sai dai garin shiru. Ran Litinin 'yan acaɓa sun ɗan yi wasa da babura, kafin la'asar kowa ya kama gabansa. Layin gidan, da a da sai ka yi rabe-rabe tsakanin motoci, yanzu tsuntsaye kawai ake ji a kan darbejiya. Har a Kaura Goje da Tudun Murtala, inda aka yi wa sabuwar jam'iyya ruwan ƙuri'a, masu abincin rana kukan rashin ciniki suke yi.

Ana jibi zaɓe Onarabul ya tara duk masu katin zaɓe a gidan, su goma sha uku da shi. Aka yi alwala, kowa ya dafa Alƙur'ani ya rantse shi zai dangwala wa, aka bi kowa da turmin atamfa ko yadin shadda. Malam Cornelius, mai koya wa yara darasi, da Baibul ɗinsa ya rantse. Da aka ƙirga akwatin bakin layi, Onarabul ƙuri'a biyar ya samu. Kwana biyun nan kuwa, kwanukan abincin ranar ma'aikata suna komawa kicin yadda suka fita. Onarabul ya ɗauka alhinin faɗuwarsa ne ya hana mutane ci, har ya ji daɗi. Da safen nan ya kira Larai ya ce, "Ke kike ganin cikin kowa. Kafin magariba ina son sunan munafukan gidan nan, su tattara nasu ya nasu." Ita kuwa ta san abin da kwanukan ke faɗa, kuma ta zaɓi ta fara da wanda ya fi daɗin matsawa.

"Ci mana," in ji ta.

"Na ƙoshi."

"Da me? Iskar ƙofa?"

"Da takaici. Ubangidana ya faɗi zaɓe, ki ce in zauna ina zuba loma? Mu Haɗejawa mun san halacci. Ba irinku ba, da ana wankan gawa kuna tambayar wa ya ɗauke man shanu."

"Jama'a ku zo ku gani! Bahaɗeje ya ga kifi ya kau da kai. Kai da in an jefa ƙaya a rijiya sai ka bi ta da hularka a ka."

"Wannan kike kira kifi? A garinmu da irin wannan muke yi wa kifin gaske tarko."

"Na ji. Buɗe bakinka."

"In buɗe miki baki, aurena kike?"

"Allah ya kiyashe ni, in auri abin da muka gada? Ai na riga na gani. Haƙoranka sun yi fari, Tanko. Shekara tara ban taɓa sanin launinsu ba, ashe irin na mutane ne. Ina goron?"

"Likita ya hana."

"Wane likitan? Na shanu?"

Tanko ya gyara zama, ya lashi leɓe, sai kuma ya tuna ya yi saurin tofarwa gefe. Larai ta ga wannan ma, ta adana.

"To azumi nake. Laifi ne? A garin Shari'a muke, ko ita ma an soke ta ran Asabar?"

"Masha Allah! Na me?"

"Nafila."

"Ran Laraba? Litinin na sani, Alhamis na sani. Laraba tawa ce, a cikinta aka haife ni, ban taɓa jin malamin da ya ba ta azumi ba."

"Ramuwa nake."

"Ramuwa! Jego ka yi a watan azumi? Barka, me aka samu?"

"Ke dai bakinki ya fi wuƙar kicin ɗinki kaifi, shi ya sa naman gidan nan kullum sai an ja da haƙori."

"Kai da tari ya kusa kashe ka bara, aka ce ka sha azumi ka ce ko za a kai ka kushewa sai ka kai? Wace ramuwa ta rage maka?" Ta rage murya, ta matso. "Jiya ɗaya, yau biyu, gobe uku. Wanda ya karya rantsuwa ya ciyar da miskinai goma, in ba shi da hali ya yi azumi uku. Ko ba haka malam ya karanta ba, bawana?"

Tanko ya ɗaga kai ya dubi tagar benen Onarabul. Labulen a sake yake. Ya juyo, dariyar fuskarsa ta ragu da rabi.

"Ni ina cikin biyar ɗin nan."

"Kowa yana cikin biyar ɗin nan. Direba yana ciki, mai wanki yana ciki, mai ban ruwan fulawa ya ce shi sau biyu ma ya so dangwalawa. Mutum goma sha uku a ƙuri'a biyar! Ko bas ɗin Badawa ba ta irin wannan lodi."

"Larai, ɗakin nan da kike gani," ya nuna ɗan ɗakin gadi da haɓa, "da shi nake ciyar da mutum shida a Kaura Goje."

"Da ka tuna da su ran Asabar."

"Shari'a na zaɓa. An ce waɗannan za su yi ta tsakani da Allah."

"Sannu, shugaban Hisba. Ka zaɓi Shari'a da hannun da ka dafa Alƙur'ani shekaranjiyarsa. Kai dai faɗi gaskiya, mari ka zaɓa."

Larai ta san ta taɓa inda ba a taɓawa, kuma da gangan ta taɓa, don ta lura mutum ba ya fito da makaminsa sai an taka masa gyambo. Watanni biyar da suka wuce wani ɗan jagaliyar Onarabul ya ɗauke Tanko da mari don ya yi jinkirin buɗe ƙofa, a gaban matar Tankon da ta kawo masa saƙo. Onarabul yana cikin mota yana gani. Ya sauke gilashi, ya miƙo wa Tanko ɗari biyu ya ce a yi haƙuri da yara. Tanko ya durƙusa ya karɓa, ya yi godiya. Tun ranar yake goge katin zaɓensa kamar madubi.

"To na ji," in ji Tanko a hankali. Sai kuma ya ɗago, idonsa ya ɗan yi haske. "Amma kafin ki hau bene, ina da tambaya. Miyar jiya da daddare."

"Me ta yi?"

"Gishiri ne aka yi wa miya, ko miya ce aka yi wa gishiri? Na sha ruwa buta biyu. Ta shekaranjiya kuwa lami, kamar hawayen Bakatsine a gidan makoki."

"Hannu ne ya kuskure."

"Shekara tara bai kuskure ba sai wannan makon? Ɗazu da na zagaya duba janareto, wa na hango ta tagar kicin tana miƙa wa Malam Cornelius ludayi, tana cewa 'Malam, ɗanɗana min, mura nake'? Mura a wannan zafin, da ƙadangare ma ke neman inuwa?"

"Leƙe kake yi? Maigadi ko ɓarawo?"

"Buɗe bakinki."

"Aurena kake?"

"Allah ya kiyashe ni. Ai leɓen ya riga ya faɗa, ya bushe kamar kilishi. Na nawa ne yau, baiwar gidanmu? Ko ke ma jegon ne?"

Larai ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta zo farauta da kwanon kifi, ga shi an kama ta da ludayi.

"Ni don talakawa na yi," ta ce, tana gyara ɗankwali.

"Talakawa! Sunan kujerar Makka ke nan a Katsina? Shekara huɗu ana cewa 'Larai, bana da ke', har kin sayi jaka, har kin fara koyon Labbaika kina yanka albasa. Aka ɗauki kujera aka ba mai yi wa Onarabul waƙa a rediyo. Ranar da aka raka ta filin jirgi, tukunya nawa kika ƙona?"

"Biyu. Kuma kai ka cinye ƙanzon."

"Na ci, don ni ba na wulaƙanta abinci sai da dalilin addini."

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne. Ta zauna a ɗaya gefen bencin, kwanon yana tsakaninsu, su biyun kowa yana ƙoƙarin kada ya kalle shi. Wata mota ta wuce a hankali, an ɗaye hoton da ke gilashinta na baya, saura tabon gam.

"To mun ci zaɓe," in ji Larai. "Me muka ci?"

"Yunwa, zuwa gobe da magariba."

"Ka san wanda ya mare ka? Direba ya gan shi jiya a gidan sabon zaɓaɓɓe, da sabuwar hula, shi ke tare mutane a ƙofa."

"Wannan tsohon labari ne. Ni da safen nan tela na buɗe wa ƙofa. Ya shigo da huluna uku a leda, ya hau bene. Launinsu dai ba na jam'iyyarmu ba ne."

"Kai, Tanko!"

"Wallahi... a'a, na daina rantsuwa, ba ni da ƙarfin wasu ukun. Amma ki sa ido. Kafin damina ta sauka Onarabul zai koma can, a yi masa kiɗa, a ce an yi babban kamu. Shi ba azumi, ba ƙishirwa. Mu ne dai garin nan kaf muke yawo da farin baki, an ci zaɓe an rasa mai ƙarfin guɗa."

Sai ya dube ta sosai, ba wasa a muryar.

"Sunan wa za ki kai?"

"Shi dai Onarabul, Cornelius yake zargi. Ya ce shi kaɗai ke cin abinci har da neman ƙari, ba alamar alhini."

"Innalillahi! Bawan Allahn da shi kaɗai na tabbata ya cika alkawari?"

"Na riga na ce masa daga yau a bayan janareto zai dinga ci, in ya fito kuma ya ɓata rai. Ya ce shi bai gane lissafin gidan nan ba. Na ce Malam, wannan ba irin wanda kake koya wa yara ba ne."

"Ni fa?"

Larai ta miƙe, ta kaɗe zaninta, ta bar shi ya ɗan dahu. Ta ji daɗin ganin maƙogwaronsa yana motsi.

"Zan hau in ce, ranka ya daɗe, gidan nan kowa makoki yake, ko ruwa ba a sha. Kuma ba ƙarya na yi ba. Musamman Bahaɗejen ƙofa, har kifi ya ƙi. Biyar ɗin kuma, a bincika ma'aikatan zaɓe."

Tanko ya sauke ajiyar zuciya har hularsa ta motsa.

"Ashe ana samun mutum a Katsina."

"Ba don kai na yi ba, don kada in rasa bawa ne. Tashi, ainihin aiken da ya kawo ni yana kicin. Uwargida Hajiya Ma'u ta ce a dafa shinkafa da nama, a zuba a robobi, ka kai ƙofar asibiti a raba wa masu jinya. Ta ce kada Onarabul ya sani."

"Sadakar faɗuwar zaɓe?"

"Ita dai ta ce sadaka."

"Roba nawa?"

"Goma."

"Goma sha?"

"Goma cif. Na ce Hajiya, tukunyar za ta kai sha biyar. Ta ce Larai, goma aka ce."

Tanko ya buɗe baki, ya dubi bene, ya dubi Larai. Sai ya cusa hula a baki, ya duƙe a kan benci, kafaɗunsa suna rawa, hawaye na zuba, yana bugun cinya ba ƙara. Larai ta juya wa tagar baya ta toshe nata bakin da gefen mayafi.

"Matarsa!" ya ce da ƙyar. "Su masu hali ba sa azumi!"

"Rufe bakin nan kafin azumin naka ya tsere. Kuma tara za ka kai."

"Ta goman fa? Za ki ɓata wa Hajiya kaffara?"

"Miskinai goma aka ce. Na goman ga shi a gabana, da farin haƙori. Ka ɓoye ta a ɗakinka har a kira magariba."

Tanko ya share ido. Ya laluba aljihu ya fito da wani farin goro da ya kwana biyu yana jiran haƙori, ya ɗora mata a kan tire, gefen kifin da ya huce.

"Kin ci, Bakatsiniya. Ga na buɗa baki. Amma don girman Allah, miyar yau a kira Cornelius tun da wuri."