Man Shanu da Makarar Malam Idi

Sati uku da cire mini matsarmama a likita, na yanke hukunci na warke. Lokotoron da ya yi mini aikin ya ce in guji maiƙo, ni kuwa na ga yaro ne, bai san cikin manomin Cadawa ba.

Ranar nan abokina Bafillace ya zo duba ni da ƙwaryar man shanu. Na sa maiɗakina ta kwarara shi a kan tuwo, tana cewa, "Malam, ka tuna ɗinkin cikinka." Na ce mata man shanu ai magani ne. Na suɗe kwano tas.

Ban gama wanke hannu ba aka aiko maƙwabcina Malam Idi ya rasu. Shekara talatin gonakinmu na iyaka, don haka ni na kama gaban makara, ana hana ni ina ƙi.

Muna tsakiyar hanyar maƙabarta cikina ya murɗa. Na yi salati da ƙarfi, mutane suka zaci baƙin ciki ne, wani har ya dafa kafaɗata. Sai na saki makara, na faɗa cikin hatsin mutane da gudu. Gawa ta karkata, saura kaɗan ta zame. Kafin in fito an rufe Idi, an shafa fatiha. Ko ƙasa ban zuba masa ba.

Har yau taubashina Sani, ko ciwon kai ya ji, sai ya tara 'ya'yansa a gabana ya ce, "Ga wasiyyata: ranar da na mutu, ku ɓoye wa mutumin nan man shanu."