Yadda Ake Sayen Ƙyallen Fili a Unguwar Masu Kuɗi

Kai da ka daɗe a gidan haya har mai gida yana gane tarinka daga nesa, matso kusa. Idan ka bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ka tabbaci za ka mallaki fili a unguwar da ko dillali sai ya goge takalmi kafin ya shiga. An riga an gwada hanyar a kan wani tela da ke bakin layinmu, kuma yana nan da ransa. Shi za mu riƙa bi.

1. Ka samo mai tsare ka da ido

Ba kuɗi ke sa mutum ya sayi fili ba, matsi ne. Shi Tela mahaifiyarsa ce ta matsa masa, wato Inna, ita da gadonta na ƙarfe. Gado ne irin na da, mai faɗi, wanda marigayi mijinta ya saya mata. Duk gidan hayar da suka tashi sai an kwance shi, an loda a mota, an sake haɗawa, har notinansa suka cinye. Ranar da mai gidansu ya ce zai rushe ya gina shaguna, Inna ta zaro sifana daga ƙarƙashin katifa ta ajiye a gaban ɗanta.

"Wannan ne kwancewar ƙarshe," in ji ta. "In ba gidanka za a kai shi ba, ka bar mu a bakin titi, ni da shi."

Tela ya yi dariya, amma ya san Inna ba ta wasa da maganar gado. Idan kai ba ka da irin wannan tsohuwa, ka aro.

2. Kada ka tambayi kuɗin fili a tsaye

Ka nemi wurin zama tukuna. Tela a tsaye ya tambayi dillali, wani mai yawan murmushi da ake kira Sai-Ka-Gani. Da aka faɗi kuɗin, sai da ya dafa katangar mutane.

"Fili ɗaya fa nake tambaya, ba unguwar duka ba."

"Ai na rabin fili na faɗa maka, Malam Tela."

Masana sun tabbatar cewa fili ba ya tsada, aljihun mai tambaya ne bai gama girma ba.

3. Ka je bayan gari, amma ka dawo

Kowa zai ce maka can bayan gari ƙasa kamar kyauta. Ka je, don ka rufe musu baki. Tela ya ɗauki matarsa suka hau mota, suka hau babur, suka taka da ƙafa har wayarsu ta daina kamawa. Fili kam ga shi nan har inda ido ya ƙare.

"Baban yara," in ji matar tana kaɗe takalmi, "nan in yaro ya tafi makaranta, da gemu zai dawo. Kuma wa zai kawo maka ɗinki? Ƙadangaru?"

Suka juyo gida.

4. Ka yi tunani da sana'arka

Nan ne sirrin yake. Washegari Tela yana yanka yadi sai ya tsaya da almakashi a hannu. Duk lokacin da aka yanka babbar riga, dole ƙyalle ya ragu. To manyan mutanen nan da suka yayyanka unguwa, ina ƙyallayensu?

Ya kira Sai-Ka-Gani ya ce shi ba fili yake nema ba, ragowar yanka yake so. Murmushin dillali ya ƙara faɗi. Ya kai shi wani tsakani da ke tsakanin katangun manyan gidaje biyu. Gabansa a buɗe yake, daga ciki kuwa ciyawa ta fi mutum tsayi, ga ƙaya, ga shara. Kuɗin irin wanda mutum zai iya ji a tsaye ne. Tela ya sayar da keken ɗinkinsa ɗaya, matar ta fito da ɗan abin da ta ɓoye, aka haɗa.

5. Ka auna da kanka, kada ka yarda da kowa

An ba shi shawarar ya kira mai awon fili. Tela ya ji haushi. Shi da ya tsufa yana auna mutane masu numfashi, ƙasa ce za ta gagare shi? Ya cire tef daga wuyansa ya auna faɗin gaban, ya hango inda katangu suka ƙare, ya ce ya gama.

"Ba za ka auna can baya ba?" in ji matarsa.

"Haba, Maman yara. Yadi faɗinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Kin taɓa ganin na auna shi ta gindi?"

Sai-Ka-Gani ya ɗaga kai yana kallon tsuntsaye. Da suka koma, Tela ya zana gidan da alli a kan teburin yanka: shago a gaba, ɗakunansu a tsakiya, can ƙarshe ɗakin Inna, inda babu hayaniyar titi. Ya nuna wa Inna, yana ta washe baki.

6. Ka biya kafin a share ciyawa

Wannan tsari yana hana mutum yawan tunani. Bayan ciniki ya faɗa, magini ya zo da mutanensa suka share wurin. Suna shiga ciki katangun nan suna matsowa kamar masu son gaisawa. Da magini ya isa ƙarshe, ya buɗe hannu ya taɓa duka biyun bai ma miƙe sosai ba.

"Malam Tela, filinka wando ne," in ji shi. "Nan gaba ƙugu, can baya ƙafa. Ƙafar ma irin matsattsiyar nan ta samarin yanzu."

Wayar dillali a kashe. Tela ya zauna a kan bulo ya rasa abin da ke masa daɗi. Ba kuɗin ne ya fi ci masa rai ba. Gadon Inna ba zai shiga ɗakin da ya yi mata alkawari ba, ko da an kifa shi.

7. Idan abu bai shiga ba, ka gwada ragewa

Tela ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, cewa na yi a kai gadon wurin mai walda, ya ɗan rage faɗinsa. Kaɗan dai, kamar yadda nake rage riga."

"Gadon da ubanka ya saya za ka rage? Ɗauko mini sandata."

Ya ɗauka duka zai sha, ashe filin za ta je gani. Ta shiga tana dogara sanda har inda katangu suka fara goge mata zani, ta juyo, ta dawo gaba ta kafa sandar a daidai wurin shago.

"Nan."

"Inna, nan shago ne. Ga ƙarar motoci, ba za ki sami shiru ba."

"Wa ya ce maka shiru nake nema? Shiru yana can yana jirana, ba zai gudu ba. Kai kekenka siriri ne, kai ma siriri. Ku tafi can ƙafar wandon."

8. Ka gina abin da ka samu

Haka aka gina gidan, kowane ɗaki ƙanen na gabansa. Shagon Tela yana can ƙurya, kuma keken ɗinki ya zauna cif kamar don shi aka yanka wurin. Mai kawo ɗinki sai ya ratsa gidan kaf. In mai ƙiba ne, a ɗakin Inna ake auna shi, tana zaune tana ba shi shawarar rage ci.

Ranar da suka tare, Tela ya haɗa gadon da hannunsa, ya ɗaure noti na ƙarshe har sai da ya yi gumi. Inna ta zauna a kai, ta jijjiga shi, bai yi ƙara ba. Ta miƙa hannu ya ba ta sifanar. A lokacin magini yana shafe simintin dokin ƙofa, bai bushe ba. Ta taka a hankali ta ajiye sifanar a ciki, ta danna da ƙafa.

"Shafe," ta ce wa magini.

Tela ya juya wai yana neman tef ɗinsa, alhali yana nan a wuyansa. Hawaye yake ɓoyewa, kuma kowa ya gani.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba ruwansa idan filinka ya fito wando, ko hula, ko riga mai hannu ɗaya. Ba ruwansa da wayar dillali, ba ruwansa da abin da matarka za ta faɗa a gaban magini. Duk wanda ya auna gaba ya bar baya, shi da tef ɗinsa. Mai neman aron sifana kuma kada ya wahalar da kansa zuwa gidan Tela, sun daina ajiyewa.