Kwalbatin Ma'u Ya Yi Suna a Maraɗi

Tun farkon bazara ake yaɗa wata magana a unguwarmu nan Jibiya, wai 'yan jaridar tsallaken iyaka ba su san tsoro ba. Wai akwai wani Yahya a wani gidan rediyon Maraɗi, in ya tsare babban mutum da tambaya sai rawani ya kwance. Ni kuwa da na tsufa ina duba jarrabawar yara, ko an rantse mini amsa daidai ce sai na sa tabarau na gani.

Abin da ya tayar da ni Ma'u ce, maƙwabciyata mai tuyar ƙosai. Kwalbatin ƙofar gidanta ya rufta, ruwan bara ya shiga ya cinye mata ɗaki guda. Saura ɗaya, ita da marayunta, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya ƙaddamar da gyaran tun kafin zaɓe. An kafa allo mai kyau ƙwarai. Tsakani da Allah, allon bai taɓa ba kowa kunya ba.

Na fara da namu na gida, Lawwali, wakilin wani rediyo, wanda da hannuna na koya masa riƙe fensir. Ranar ƙwallo mutumin nan zaki ne: alƙalin wasa ya busa ba daidai ba, zai bi shi har kakanni. In farashin gero ne, ya koma mai karanta sanarwar ɗaurin aure. In kuwa Mai Girma ne ya yi atishawa, sai murya ta yi laushi kamar mai rarrashin jinjiri.

Na ce, "Lawwali, kwalbatin Ma'u fa?"

"Malama, labarin ga yana da nauyi. Sai mun ji ta bakin hukuma."

"Alƙalin wasan da ka yi wa tsirara ran Asabar, ka ji ta bakinshi?"

"Haba Malama! Shi alƙalin wasa ai bai san gidanmu ba."

Ranar kasuwa na yafa gyalena na shiga motar Magama, da niyyar in tsallaka in ga jarumin Maraɗi da idona. Ban ma kai ga tsallakawa ba. A rumfar wani mai shayi gab da shingen iyaka, tsakanin manyan motocin da ke layi, sai ga Lawwali da wani siririn mutum sun haɗa kai kamar dillalan awaki. Yahyan ke nan.

Ashe duk mako nan suke haɗuwa su yi musaya. Lawwali ya miƙa abin da ya fi ƙarfin bakinsa a nan, Yahya ya miƙo nasa na can. Ina zaune aka ƙulla ciniki: kwalbatin Ma'u ya tafi, aka karɓo rufin wata lakwal, makarantarsu ke nan, da iska ta yaye aka bar yara a rana.

Yahya ya ce, "Hajiya, ku kwantar da hankalinku. Gobe sai na girgiza birni da kwalbatin ga. Har sunan mai almakashin zan kira."

"To rufin lakwal ɗin taku fa, ɗan nan?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Wannan aikin abokina ne. Ni kan abin da ya shafi gida, shirin noma nike yi, sai gaishe-gaishe."

"In an ji a Maraɗi, wa zai zo ya gyara?"

"Mu namu faɗakarwa, Hajiya."

Wani direban Maraɗi da ke kurɓar shayi ya sa baki: "Wallahi kun ji daɗi, 'yan Najeriya. Da mu munka samu irin Lawwali, da mun huta!"

Na taɓa karanta cewa a wata ƙasar ɗan jarida mai gadi ne, a wata malami, a wata bafade. Mu Allah ya haɗa mana duka a riga ɗaya, ya kuma hore mana masu gadin gidan maƙwabci. Ku duba hikimar: an faɗi gaskiya, ba wanda ya rasa aikinsa, manya sun yi barcinsu. Ya kamata a kai tsarin nan jami'a.

Washegari muka kunna rediyo a gindin kaskon Ma'u. Yahya ya cika alkawari, ya yi ta ruri har mai ya kusa ƙonewa muna saurare. Mai Girma ma ya ji. Ya ce sharrin ƙasashen waje ne, Lawwali ya karanto martanin cikin ladabi. Matan Maraɗi masu zuwa cin kasuwa yanzu sukan biyo su ga kwalbatin, su yi wa Ma'u jaje, su sayi ƙosai.

Ga abin da na gano. Yahya ba ya tsoron manyanmu, Lawwali ba ya tsoron nasu. Ba a taɓa kwalbatin ba, ba a yi wa makarantar rufi ba. Ruwan farko ya sauka ran Laraba, Ma'u da yaranta suna kwana a ɗakina.